Kwamfuta a cikin kwamfuta: kyautar da Microsoft ya yi wa masu gina shafuka, ya kuma janye

A watan Yunin 2022, wani injiniya a Koriya ta Kudu ya sa aka sassaƙa dutsen kabari aka kafa shi a birnin Gyeongju. Mamacin shi ne Internet Explorer, manhajar shiga intanet da kamfanin Microsoft ya yi wa ritaya a ranar 15 ga wannan wata, bayan shekara 27 tana aiki. Hoton ya zagaya duniya ana dariya, amma ga masu gina shafukan intanet dariyar ta ƙeta ce, don sun daɗe suna shan wahalar wannan manhaja.

Shafin intanet rubutu ne na umarni, kowace burauza kuma da yadda take karanta shi. Shafin da ya tsaya daram a Firefox yana iya karkacewa a wata, maɓallin aikawa ya ɓace, ko hoto ya hau kan rubutu. Idan shafin banki ne ko na rajistar jarrabawa, wani ne zai rasa kuɗinsa ko lokaci ya ƙure masa. Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001, ita ce ta fi kowa taurin kai, ga shi kuma a wancan zamani mafi yawan masu shiga intanet da burauzar Microsoft suke shiga. Dole mai gini ya gwada aikinsa a kanta. Sai dai Windows ba ta yarda a ajiye tsohuwar Explorer da sabuwa a na'ura ɗaya, wanda ke son gwada huɗu sai ya tanadi kwamfuta huɗu.

Mafitar ita ce kwamfutar gaibu: manhaja kamar VirtualBox tana yanko wani ɓangare na ƙarfin na'urarka ta yi kamar wata kwamfuta ce daban, da nata Windows, a cikin taga guda. A farkon 2013 Microsoft ya buɗe dandalin modern.IE, ya zuba irin waɗannan kwamfutoci kyauta, tun daga Windows XP mai Explorer 6, daga baya har Windows 10 mai Edge. Mai Mac ko Linux ma yana iya saukewa. Kalmar sirrin shiga ɗaya ce ga kowa a duniya, Passw0rd!, har ta zama abin barkwanci tsakanin ma'abota sana'ar.

Kyautar tana da sharaɗi. Bayan kwana 90 lasisin ya ƙare, shi ya sa kamfanin da kansa ke ba da shawarar a adana kwafin na'urar tun ranar farko, a koma gare shi in wa'adi ya cika. Ga nauyi kuma. Wasu fayilolin sun haura gigabait 5, kuma ga matashin da ke koyon aikin a Maraɗi ko Damagaram da kuɗin data na aljihunsa, ga ɗaukewar wuta, abin da ake kira kyauta yana iya cin kuɗin cefanen kwanaki. In aka dubi abin da kyau, kamfanin yana share dattin da shi ya zubar ne, tun da a 2011 shi da kansa ya buɗe shafin roƙon jama'a su rabu da Explorer 6.

Bayan ritayar Explorer, an sauke waɗannan fayiloli daga shafin kamfanin. Kwafe-kwafensu na yawo a wasu wurare, amma tsohuwar Windows da ba a toshe ramukanta, daga hannun da ba a sani ba, kasada ce.

Aikin ya ɗan yi sauƙi tun da Edge ta koma kan injin Chromium a Janairun 2020, wanda Chrome da Opera ke amfani da shi. Manyan injuna uku suka rage: na Chrome, na Firefox da na Safari. Na ƙarshen ne ƙashin wuya, don Apple bai yarda a ɗora macOS a kan na'urar da ba tasa ba, kuma ya daina fitar da Safari ta Windows tun 2012. Manhajar Playwright, ita ma kyauta daga Microsoft, tana gwada shafi a kan injunan uku ba tare da sauke Windows sukutum ba.

A Nijar kuwa, yawancin masu buɗe shafi da wayar Android suke buɗewa, wasu ta Opera Mini, wadda ke matse shafin a na'urorin kamfaninta kafin ya iso waya, abubuwa da dama su lalace a hanya. Android Studio na da wayar gaibu kyauta, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma kwaikwayo kawai take yi na yadda shafi ke jan ƙafa idan layi ya yi rauni a ƙauye. Gwajin zahiri sai an ari tsohuwar wayar maƙwabci.