Labarin Tagwaye Manne da Juna

A shekarar 2015 wata marubuciya 'yar ƙasar Ailan, Sarah Crossan, ta wallafa ƙagaggen labari domin matasa mai suna One, wato Ɗaya, cikin baitoci marasa ƙafiya. Labarin Grace da Tippi ne, tagwaye 'yan shekara 16 a Amurka, waɗanda aka haifa manne daga ƙugu zuwa ƙasa. Da zuciyar Grace ta raunana, likitoci suka ce in ba a raba su ba, duka biyu za su halaka. Aka yi aikin, Tippi ta rasu, Grace ta rayu, ta soma koyon kaɗaicin da ba ta taɓa sani ba. Littafin ya sami lambar yabo ta Carnegie a 2016.