Arlit zuwa Imouraren: Yadda hotunan wayar salula ke adana tarihin garuruwan yuraniyom

Ranar 31 ga Maris, 2021, kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta ƙarƙashin ƙasa da ke Akokan, bayan fiye da shekara 40 yana tono yuraniyom. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Iyalai da dama sun kwashe kayansu zuwa Agadas, Tawa da Yamai, wasu matasan kuma suka bi hanyar Assamaka zuwa Aljeriya.

Ga waɗanda suka tashi, abin da ya rage tsakaninsu da garin shi ne hoton da wani ɗan'uwa ko abokin makaranta zai ɗauka da waya ya jefa a WhatsApp ko Facebook: ƙofar tsohon gida, tashar mota, kasuwa da yamma, ko jan hazon da ke rufe gari idan iska ta taso.

Garin da ma'adini ya haifa

Arlit ba tsohon gari ba ne. An kafa shi a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adinin a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978. A shekarun da kasuwa ke ci, har "Paris ta biyu" ake ce masa, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya ba fim ɗinsa kan garin. A 2016 kuma Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin mahaƙa, ta fitar da nata fim kan ƙura da rashin lafiyar da mazauna ke kuka da su.

Imouraren, mai nisan kilomita 80 kudu da Arlit, labarinta daban ne. Tun 1966 aka gano arzikinta, ana kuma lissafa ta cikin manyan wuraren ajiyar yuraniyom na duniya. A 2009 aka ba kamfanin Areva na Faransa lasisi, aka fara share fili da gine-gine, sai faɗuwar farashi bayan hatsarin Fukushima ta sa aka dakatar da aikin. A watan Yunin 2024 gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin daga Orano, sabon sunan Areva, sannan a Yunin 2025 ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa.

A irin wannan wuri, inda unguwa ke cika ko ta zama kufai gwargwadon farashin ma'adini a kasuwar duniya, hoton da aka ɗauka yau na iya zama shaidar da ta rage nan da shekara 20. Haka ta faru da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki matasan Yamai a gidajen rawa da tituna a shekarun 1960 da 1970. A lokacin neman abinci yake yi, yau kuwa hotunansa ne ake dubawa a ga yadda birnin yake.

Gada a ƙasar da ba kogi

Mai ɗaukar hoto a Yamai yana da gadar Kennedy ta 1970 da gadar ƙawancen Sin da Nijar ta 2011, ga kogin Kwara yana sheƙi da faɗuwar rana. A Abzin kuwa, gada tana tsaye ne kan kori, wato kwarin da ke bushe kusan duk shekara, sai damina ta zo ruwa ya gangaro daga duwatsu da ƙarfin da ke iya jan babbar mota. Mutanen Agadas ba su manta da Satumbar 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje masu yawa.

Shi ya sa hoton kori a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, yake da amfanin da ya wuce ƙawa. Direban da ya ga hoton da safe ya san ko zai tashi ko zai jira ruwa ya janye. Ramukan da suka cinye kwaltar kuma sun daɗe suna yawo a shafukan sada zumunta, abin da ke hana a ce ba a san halin da hanyar ke ciki ba.

Namun dajin da suka rage

Tsakanin Agadas da Arlit, a Dabous, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen da suka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce. Babban ya haura mita 5. Yau babu raƙumin dawa ko ɗaya a yankin. Sai an je Kouré kusa da Yamai, inda adadinsu ya taɓa faɗuwa zuwa 49 a 1996 kafin kariya ta farfaɗo da su, ko Gadabeji, inda aka kai wasu a 2018.

Gandun Abzin da Tenere, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, yana jerin wuraren da ke cikin haɗari tun 1992. Jimina ta ɓace daga dajin, sai waɗanda ake kiwo a killace a wurare irin su Iferwan. Barewar da ake kira dama ta maƙale a tsaunin Takolokouzet. A Termit da Tin-Toumma, ƙidayar da aka yi a 2016 ta ga dabbar addaks uku kacal.

A nan hoto yake da kaifi biyu. Yana iya taimaka wa masu kare namun daji su san inda dabba ta rage, yana kuma iya nuna wa mafarauci hanya. Waya kan ɓoye ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa idan GPS na kunne. Manhajar iNaturalist, inda masu sha'awa ke ɗora hotunan dabbobi da tsirrai, tana ɓoye wurin da kanta idan dabbar na cikin barazana. Wanda zai sa hoton barewa ko ragon dutse a Facebook ya kamata shi ma ya yi haka: kada ya faɗi sunan kwarin ko rijiyar.

Inda kyamara ba ta shiga

Arlit gari ne na tsaro. An sace ma'aikata bakwai a can a Satumbar 2010, an kuma kai harin ƙunar baƙin wake kan SOMAÏR ranar 23 ga Mayu, 2013. Ɗaukar hoton barikin soja, shingen bincike ko harabar mahaƙa na iya jawo kamu da ƙwace waya. A Yunin 2024 kuma an yi wa dokar laifukan intanet ta 2019 gyara, aka maido da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da hukuma ta ɗauka yana dagula zaman lafiya.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Mace a bakin rijiya ko baƙon haure a tasha ba kayan kallo ba ne, neman izini kafin a ɗauka shi ne mutunci.

Kada waya ta tafi da tarihi

Babbar asarar ita ce yawancin hotunan nan a waya ɗaya suke zaune. Ta faɗi ko a sace ta, shi ke nan. WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Gasar Wiki Loves Africa, da ake yi tun 2014, da Wiki Loves Earth suna karɓar hotunan waya kyauta, su adana su a Wikimedia Commons da sunan mai ɗauka.

Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ta riga ta zaga duniya a hotunan 'yan yawon buɗe ido. Titunan Akokan, lambunan Timia da kufan Imouraren kuwa, 'yan garin ne kaɗai ke wucewa ta gabansu kullum da waya a aljihu. Hoton da aka rubuta wa ranar ɗauka, da sunan unguwa, aka kuma ajiye kwafinsa a wuri na biyu, shi ne zai kai ga jikoki.