Mazubin Tambayoyin Lissafi a LaTeX

Duk mai rubuta littafin lissafi da LaTeX, manhajar da Leslie Lamport ya ɗora kan TeX na Donald Knuth, gara ya ƙera wa tambayoyinsa mazubi tun da fari. Umarnin \newtheorem kan fito da kowace tambaya da kanunta da lambarta, kwamfuta ke ƙirgawa. In ya cusa sabuwa tsakanin ta 4 da ta 5, sauran lambobin su gyara kansu.

Wasu kan ce wahalar banza ce, a sa lamba da hannu kawai. Suna da gaskiya in takardar jarrabawa ce mai tambaya biyar. Amma a littafi mai ɗaruruwan tambayoyi, ranar da maɗaba'a ta ce a sauya fasalin kanun, wuri ɗaya za a taɓa a farkon fayil.