Taurari masu ƙarancin ƙarfe a kewayen Milky Way

Taurari masu ƙarancin ƙarfe tsofaffin taurari ne da ke ɗauke da sinadarai masu nauyi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta su da Rana. Akasarinsu suna cikin halo, wato faffaɗan yanki mai siffar ƙwallo da ya kewaye faifan gungun taurarinmu na Milky Way. A ilimin taurari, ana kiran duk sinadarin da ya fi haidirojin da hiliyom nauyi da sunan "ƙarfe", har da kabon da oksijin.

Asali

Babbar Fashewa da ta faru kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce ta samar da haidirojin da hiliyom da ɗan litiyom. Kusan duk sauran sinadarai a cikin taurari aka ƙera su, suka watsu a sarari lokacin da taurarin suka mutu. Saboda haka tauraron da ya samu tun da wuri ba ya da ƙarfe da yawa. Ƙananan taurari suna daɗewa, kuma samansu yana riƙe da kusan irin iskar da aka haife su daga cikinta. Wannan ne ya sa masana ke nazarinsu don sanin halin taurarin farko, waɗanda har yanzu ba a ga ko ɗaya daga cikinsu kai tsaye ba.

Ma'auni

Ana raba hasken tauraro zuwa launukansa, sai a duba baƙaƙen layukan da kowane sinadari ke bari. Ma'aunin [Fe/H] yana kwatanta yawan baƙin ƙarfe da haidirojin a tauraro da na Rana. Adadin −2 na nufin kashi ɗaya cikin 100 na Rana, −3 kuma ɗaya cikin 1,000. A rabe-raben da Timothy Beers da Norbert Christlieb suka gabatar a 2005, tauraron da ya gaza −2 shi ne mai ƙarancin ƙarfe sosai.

Sinadaran da ke cikinsu

Magnesiyom da silikon da kalsiyom sun fi yawa a cikinsu idan aka auna su da baƙin ƙarfe, fiye da yadda suke a Rana. Dalili shi ne manyan taurari da ke fashewa cikin shekaru miliyoyi kaɗan su ne suka fara zuba waɗannan sinadarai, alhali fashewar da ke samar da mafi yawan baƙin ƙarfe sai daga baya ta yawaita.

Da yawa daga cikinsu suna da kabon mai yawa, kuma irin waɗannan suna ƙara yawa yayin da ƙarfe ke raguwa. Wasu kuma suna da sinadarai masu nauyi sosai. A 2001 an gano yuraniyom a tauraron CS 31082-001, kuma da yake wannan sinadari yana narkewa a hankali cikin sanannen lokaci, an yi amfani da shi wajen ƙiyasta shekarun tauraron.

A 1982 François da Monique Spite sun lura cewa yawan litiyom kusan ɗaya ne a cikin da yawa daga waɗannan taurari. Sai dai adadin ya gaza abin da lissafin Babbar Fashewa ya nuna da kusan ninki uku, kuma masana ba su daidaita kan dalilin ba.

Misalai

A 1951 Joseph Chamberlain da Lawrence Aller suka nuna cewa HD 140283 ba shi da ƙarfe kamar Rana. A 2002 ƙungiyar Christlieb ta sanar da HE 0107-5240, mai ma'auni kusan −5.3. A 2014 Stefan Keller da abokan aikinsa suka gano SMSS J0313-6708 da na'urar hangen nesa ta SkyMapper a Ostireliya. Ba a ga alamar baƙin ƙarfe a haskensa ba, amma akwai kabon da magnesiyom da kalsiyom, abin da ya sa ake ganin ya samu ne daga ragowar fashewar tauraro guda ɗaya na zamanin farko.