Farantin sola a saman mota: wace magana ce gaskiya a tashar Dakoro?

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kasuwar sola ta ƙara buɗewa. Farantin saman ɗaki kowa ya saba da shi. Amma direban da ke bin kasuwanni daga Dakoro zuwa Kornaka, Sakabal ko Bermo, wanda dare kan yi masa a daji, shi ma yana son wutar cajin waya da fitila. Da zarar ya ce zai ɗora faranti a kan motarsa, sai malaman tasha su yi masa caa.

Na farko, wai farantin yana jawo aradu. Ba haka ba ne. Tsawa abu mai tsayi take nema, ba ruwanta da gilashi, kuma wanda ke cikin mota mai rufin ƙarfe ya fi wanda ya fake a gindin gawo tsira. Wai ruwan sama yana lalata shi: wannan ma babu, don zaman waje aka yi shi. Inda ruwa ke ɓarna shi ne hudar da aka yi wa rufin motar ba a toshe ba. Batun caji da hasken farin wata kuwa, hira ce.

Masu cewa zai rage shan mai sun yi nisa. Faranti mai wat 100, in rana ta yi kyau, abin da zai tara a yini bai wuce rabin kilowat-awa ba. Ya isa wayoyi da ƙwan fitila, amma ba ya tura mota.

Maganar da ta fi yaudarar mutane ita ce, wai iya zafin rana iya ƙarfin wuta. Haske farantin ke ci, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A digiri 25 ake gwada shi a masana'anta, kuma duk digirin da ya ƙaru yana zabge kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da ko inuwa ta haura 40, farantin da aka manna da rufin ƙarfe zai iya kai 70. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan. Shi ya sa ake ɗaga shi kamar faɗin yatsu huɗu, iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Masu cewa hanya ce ke kashe shi, su kam sun yi gaskiya. Gargada tana tsattsaga ƙwayoyin ciki, tsagar da ido ba ya gani, sai dai ka ga caji na ja baya. Igiya ko robar taya ba ta riƙe shi in mota ta ɗau gudu iska ta shiga ƙarƙashinsa. Ƙarfe da noti ake sa wa, da ɗan danko a tsakani.

Sai kuma abin da ba a cika faɗi ba: saman motar kasuwa a nan ba fili ba ne. Buhunan hatsi ne, da jarkoki, da akuya a ɗaure, wani lokaci har da fasinja. Ƙwayoyin farantin a jere suke da waya ɗaya, don haka gefen buhu ko inuwar jarka ta rufe kusurwa guda, wutar duka sai ta faɗi. A ganina, wanda ba zai iya sadaukar da wuri a saman motarsa ba, gara ya ajiye farantin a ciki, in ya tsaya ya fito da shi ya jingine.

Kada kuma a haɗa shi kai tsaye da batirin mota, ko da makanike ya ce ba komai. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yana fitar da wajen 18, ya tafasa ruwan batir. Na'urar daidaita caji dole ce, da batir na daban, don kada gari ya waye mota ta ƙi tashi. Ƙurar hunturu kuma a goge ta da sassafe da tsumma mai laushi, tun gilashin bai ɗau zafi ba.