Injin ban ruwa yana mutuwa bayan gyara: ina za a fara dubawa?

Ƴan'uwa manoma, a kwarin Dallol Boso ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ake noman rani daga Filinge da Shikal har Bonkuku ta ƙasar Imanan, inda dankalin turawa ya yi suna. Masu garka da yawa suna ban ruwa da ƙaramin inji mai shan isansi, kuma su ke gyara shi da kansu.

Sau da yawa, bayan an wanke karbireta an maida, inji yakan tashi lafiya, amma da an rage wuta sai ya mutu. Tafiyar inji a hankali ita ce makanikai ke kira ralanti. Idan ta lalace, kada ku yi gaggawar murɗa ƙusar ralanti. Ku fara duba abin da hannunku ya taɓa.

Inji yana buƙatar abu 3: iska, mai da wuta. A ralanti mai kaɗan yake sha, don haka ƙaramin kuskure ya isa ya kashe shi. Ga alamomin:

1. Idan ƙarar inji tana hawa tana sauka, ko ba ya tafiya sai an rufe makullin iska, mai ya yi masa kaɗan. Ku duba takardar da ke tsakanin karbireta da inji. Idan ta yage, ko ba a ɗaure noti da kyau ba, iska tana shiga ta gefe.

2. Idan takardar lafiya take, ƙaramar kafar mai ta ralanti ta toshe. Ku wanke ta da isansi mai tsabta, ku busa ta da famfon keke. Kada ku soka mata allura, domin kafar za ta buɗe.

3. Idan hayaƙi baƙi ne, buji kuma ya yi baƙi, mai ya yi yawa. Ko matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, ko an manta makullin iska a rufe.

4. Idan inji yana gudu fiye da kima, siririn ƙarfe mai talewa da ke daidaita gudu bai koma raminsa ba.

5. Ku duba buji. A yawancin waɗannan injuna, tazarar bakinsa milimita 0,7 zuwa 0,8 ce.

Idan duk wannan ya daidaita, ku bar inji ya ɗumama. Sannan ku murɗa ƙusar ralanti kaɗan kaɗan har ƙararsa ta zauna. Ku tabbata akwai ruwa cikin famfo, domin idan ya juya a bushe, robar da ke tare ruwa takan ƙone.

Ku kula da lafiyarku. Hayaƙin inji yana ɗauke da guba marar launi, marar wari, wadda ke kisa. Kada a ta da inji cikin ɗaki ko cikin rijiya. Kada a zuƙi isansi da baki, domin yana lahanta huhu.

Isansin kwalba yakan zo da datti, sai a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Idan inji ya ƙi bayan kwana 1, ku kai shi wurin makanike. Kuɗin gyara bai kai asarar shukar da ƙishirwa ta kashe ba.