Ayarin Masu Keke

A ƙasar Ingila, in gari ya waye ran Lahadi, akan ga mutane bisa kekuna suna tafe a jere kan hanyoyin ƙauye. Wani lokaci su takwas, wani lokaci su goma sha biyu, sun yi sahu biyu, taya na bin taya. 'Yan ƙungiyar masu keke ke nan, sun fito hawan mako don su ƙarfafa jikinsu, su kuma saba da doguwar tafiya. Wanda ya ga sun wuce fir kamar garken tsuntsaye, sai ya yi tsammani abu ne mai sauƙi. Amma kafin su fito an yi shiri mai yawa, kuma kowannensu yana bin waɗansu dokoki don ya tsare ransa da na 'yan'uwansa.

Wannan al'ada ta daɗe. A shekarar 1878 waɗansu masu keke suka taru a garin Harrogate, suka kafa ƙungiya ta masu yawon ƙasa bisa keke. Tana nan har yau, sunanta yanzu Cycling UK. Kekunan wancan zamani ƙafar gaba babba ce ƙwarai, ta baya kuwa 'yar ƙarama. Mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi, in ya faɗo kuwa sai ya ji jiki. A 1885 wani mutumin Coventry, John Kemp Starley, ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya, watau irin wanda kuka sani yanzu. A 1888 kuma John Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi tayar roba wadda ake hura wa iska. Daga nan hawan keke ya yi sauƙi, kuɗinsa ya riƙa raguwa, har ma'aikatan masaƙu suka iya saye. Su kuwa ran Lahadi ce babbar ranar hutunsu, saboda haka ran nan suke fita daga hayaƙin birni su sha iskar ƙauye tare da abokansu. Haka ƙungiyoyi suka yawaita, kusan kowane gari da tasa.

To, me ya sa suke tafiya tare, ba kowa ya kama hanyarsa ba? Babban dalili shi ne iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda take tura mutum baya. Ko da ranar da ganye ba ya motsi, mai gudu da keke sai ya keta iskar da ke gabansa. In ya ninka saurinsa sau biyu, ƙarfin da iska ke tura shi da shi yakan ninku sau huɗu. Amma in wani yana gabansa dab da shi, na gaban ne ke keta iskar, na bayan ya fake a bayansa. Masana sun auna, sun ga mai fakewa yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe in da shi kaɗai ne. Saboda haka mutum goma da ke karɓeɓeniyar shiga gaba sun fi mutum ɗaya sauri, sun kuma fi shi nisan zango. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka.

Kamar yadda ayarin fatake ba ya tashi sai da madugu, haka hawan mako ba ya yiwuwa sai da shugaban tafiya. Akan zaɓi mutum mai haƙuri, wanda ya daɗe cikin ƙungiya, ya kuma san hanyoyi. Aikinsa yana farawa tun tsakiyar mako. Da fari sai ya zaɓi hanya. Yakan guje wa manyan tituna inda motoci ke gudu, ya nemi ƙananan hanyoyin ƙauye. Yakan ƙidaya mil nawa ne, da tuddai nawa za a hau, da inda za a yada zango. Madugu mai dabara yakan duba inda iska za ta huro ran nan, ya shirya a fuskance ta da safe sa'ad da kowa ke da ƙarfi, ta zama tana bayansu wajen komowa sa'ad da an gaji.

Bayan wannan sai a raba mutane rukuni rukuni gwargwadon ƙarfinsu. Sababbin shiga sukan yi kamar mil 30, suna tafiyar mil 12 ko 13 a awa. Ƙwararru kuwa sukan yi mil 60 ko fiye, suna gudun mil 18 ko 20 a awa. Kowane rukuni da nasa madugu. Ba a son rukuni ya yi yawa ainun, gama in jerin ya yi tsawo, mai mota ba zai sami wurin wucewa ba, madugu kuma ba zai iya lura da kowa ba. In mutane sun yi yawa sai a raba su biyu, a bar tazara tsakani.

Sa'an nan sai a sanar da kowa. Dā a jikin allo ake liƙa sanarwa, ko a buga cikin 'yar jaridar ƙungiya. Yanzu ta wayar hannu ake aikawa. Ko ta wace hanya ce dai, tilas sanarwar ta faɗi abu huɗu: wurin haɗuwa, da lokacin tashi, da nisan tafiya, da saurin da za a yi. Na huɗun nan yana da muhimmanci, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya faɗa cikin ƙarfafa ya sha wuya. In lokacin sanyi ne, aka ga ƙanƙara za ta kwanta a kan hanya, madugu yana da ikon fasa tafiya, ba kuwa mai yi masa gardama.

Ran tafiya akan hallara kafin lokaci, galibi wajen ƙarfe tara na safe. Kowa ya riga ya duba kekensa tun daren jiya: ko tayoyi suna da iska, ko birki yana kamawa, ko sarƙa tana da mai. Kowa ya zo da hular kwano, da gorar ruwa, da 'yar ayaba ko wani abin taɓawa, da famfo, da sabon tub, da kayan faci, da 'yan kuɗi. Madugu ya ƙidaya mutanensa, ya gai da baƙi, ya karɓi lambar wayar wanda za a kira in wani abu ya sami mutum. Yaro kuwa ba a tafiya da shi sai da yardar iyayensa. Kāna a faɗi hanyar da za a bi, a naɗa wani mai ƙarfi ya zama mai tsaron baya. Shi wannan ba ya wuce kowa, komi jinkirinsa. In lokaci ya yi sai a tashi, don kada wanda ya zo da wuri ya tsaya cikin sanyi saboda wanda ya makara.

A kan hanya sukan yi sahu biyu. A Ingila hannun hagu ake bi. Nijeriya ma dā hagu take bi, sai a shekarar 1972 ta koma dama. Dokar hanya ta Ingila ta yarda masu keke su jera biyu biyu, amma ta ce su lura da na bayansu, su ba su hanya inda babu haɗari. A 2022 an ƙara wa dokar bayani, aka ce mai mota ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninsa da mai keke in zai wuce shi. In hanya ta ƙuntata, madugu yakan yi kira a koma sahu ɗaya.

Ga yadda ake karɓeɓeniya. Mutum biyu na gaba su ne ke shan iska. In sun yi 'yan mintoci, sai na gaban sahun dama ya ɗan ƙara sauri, ya shiga gaban sahun hagu. Duk 'yan sahun dama su matsa gaba, na ƙarshen sahun hagu kuma ya koma ƙarshen sahun dama. Haka za a yi ta juyawa kamar yadda sarƙar keke ke juyawa, kowa ya ɗanɗana gaba, kowa ya ɗanɗana hutu. Mai ƙarfi yakan daɗe a gaba, wanda ya gaji kuwa ya taɓa kaɗan ya koma. In ma ya ce ba zai iya shiga gaba ba, ba abin kunya ba ne.

Amma tafiya dab da juna tana da haɗari. Wanda ke tsakiyar jeri ba ya ganin hanya, bayan ɗan'uwansa kaɗai yake gani. Saboda haka na gaba su ne idon kowa. In sun hangi rami sai su nuna shi da yatsa, su faɗa da ƙarfi, na bayansu su ma su nuna, har saƙon ya kai ƙarshe. In mota tana tsaye a gefe, sai a kai hannu baya a yi alamar kaucewa. In za a tsaya, a ɗaga hannu sama. Na baya su kuma su ne kunnen kowa, su ke faɗin mota na zuwa. Akwai abu uku da aka hana ƙwarai. Ba a danne birki farat ɗaya. Ba a karkacewa ba tare da alama ba. Ba a kuma barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, gama in wancan ya ɗan goce, tayoyin suka gogi juna, na bayan ne zai faɗi, waɗanda ke biye da shi su faɗo kansa. Mutum guda mai ganganci yana iya kai mutum biyar asibiti.

Akwai wata doka kuma wadda ƙungiyoyi da yawa suke riƙe da ita a hawan mako, ita ce ba a barin kowa a baya. In tayar wani ta yi faci, duka rukunin ke tsayawa a gefen hanya, wani ya riƙe masa keke, wani ya hura tub. In an zo tudu, kowa ya hau gwargwadon ƙarfinsa, amma waɗanda suka riga kaiwa sama su jira har mai tsaron baya ya iso. A tsakiyar tafiya akan yada zango a wani ɗakin shan shayi, a ci abinci, a yi hira, madugu ya sāke ƙidaya mutanensa. Hawan mako ba tsere ba ne. Wanda ya shiga gaba ya zura da gudu don a ga ƙarfinsa, ya watsa jeri ke nan, madugu kuwa zai ja masa kunne.

Labarin wata mace mai suna Beryl Burton ya nuna amfanin wannan doka. An haife ta a 1937 a wajen birnin Leeds. Tana yarinya ta yi ciwo mai tsanani, ta daɗe a asibiti. Da ta girma sai Charlie Burton, wanda ya zama mijinta, ya kai ta ƙungiyarsu ta garin Morley. Shi da kansa ya ba da labari cewa a shekarar farko sai an riƙa tura ta in an zo tudu. A shekara ta biyu ta yi daidai da maza, a ta uku kuwa ta fara barinsu a baya. Daga bisani ta zama zakarar duniya har sau bakwai. A 1967 aka yi gasar a ga wanda zai fi nisa cikin awa 12. Ta yi mil 277 da ɗoriya, watau kilomita 446, ya kusa tafiya daga Kano zuwa Kaduna da komowa. Ran nan ta fi dukan maza. Sa'ad da ta cim ma Mike McNamara, wanda ke gaban sauran maza, har alewa ta miƙa masa kāna ta wuce. Sai da aka shekara 50, a 2017, wata mace ta yi nisan da ya fi wannan. Da 'yan ƙungiyar Morley sun gaji da ita sun bar ta a gindin tudu a shekarar farko, da watakila ta jingine keke ta koma gida, ba wanda zai ji sunanta.

Yaran da ke zuwa makaranta bisa keke tare da abokansu, su ma ɗan ƙaramin ayari ne. Ya kamata su duba birki kafin su tashi, na gaba ya nuna wa na baya rami, babba kuma ya tsaya a baya don ya lura da ƙanana. In sarƙar wani ta zame, a tsaya a taimake shi. Kyawun ayari, yadda aka tashi tare a sauka tare.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutum goma da ke tafiya tare suka fi mutum ɗaya sauri?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne tilas sanarwar tafiya ta faɗa?
3. Mene ne aikin mai tsaron baya?
4. Faɗi abu uku da aka hana a cikin jeri.
5. Me labarin Beryl Burton ya koya muku?